Wankan Ummi da Ɗiyar Hakimin Koriya

Wannan babin naki ne, Ummi, ko da yake ƙannenki Bashir da Jamila ma su karanta, don na san ba za su rasa abin cewa ba. Ke ce ƴar farina, kuma mu a gidanmu uwa ba ta zama ta dubi ɗan fari ta faɗa masa abin da ke ranta. Ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba, na fake da cewa sunan mahaifiyata aka sa miki. Ku da kuka tashi a Bronx, nan Amurka, kun ɗauki wannan kunyar tamu rashin kulawa ce, na sha jin ku kuna faɗa da Turanci kuna zaton ba na ganewa. To, abin da baki ya kasa bari hannu ya gwada. A babbar sallar da ta wuce muna wanke kwanuka kika ce da ni, ba ki ko juyo ba, wai saboda ke ne ban ga Inna ba kafin ta rasu. Na ci gaba da goge tukunya, ke kuma kika ɗauka na yarda ne. Ban yarda ba. Ashe shekara da shekaru kina ɗauke da wannan abu ban sani ba. Zan faɗa miki yadda aka yi tun daga tushe, kuma tushen yana gidan surukinki.

Lokacin da kika kawo maganar auren Yusuf, ɗan asalin Koriya, mahaifinku ya riga ya rasu, don haka Alhaji Mamane, amininsa mai shagon atamfa a Harlem, shi ya tsaya miki waliyyi. Batun addini bai ba mu wahala ba, yaron ya musulunta tun yana jami'a kafin ya san ki, liman ma ya shaide shi. Abin da ya rage shi ne asali. Alhaji ya ce shi bai taɓa aurar da yarinya gidan da bai taka da ƙafarsa ba, kuma ba a kan ɗiyar amininsa zai fara ba. Haka muka ɗauki jirgin ƙasa ranar wata Lahadi, ni da shi da Yusuf, tun daga gidanmu na titin Grand Concourse har unguwar Flushing, Alhaji cikin babbar riga yana ta tattare ta kada ƙofa ta kama. Muka tarar da mahaifin Yusuf, wanda yaranki yanzu suke kira Haraboji, wato Kaka da harshensu, ɗan tsoho ƙarami mai furfura, hannuwansa duk tabon dutsen guga, don rayuwarsa duka a shagon wanki da guga ya yi ta. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ya zaunar da mu a ƙasa gaban wani gajeren tebur, abin da ya fara kwanta mini a rai ke nan, na ce mutanen da ke cire takalmi su zauna a ƙasa ba za su yi wuyar sha'ani ba. Turancina gurgu ne, nasa kuma makaho, sai Yusuf ya zama tafinta.

Bayan an sha shayi Alhaji ya gyara murya.

"Yusufa, tambayar mana Baba. Su wane ne su? Can garinsu, in an ambaci gidansu, mi mutane ke cewa?"

Yusuf ya sunkuyar da kai, yana tsoron uban zai ji haushi. Da ya fassara, sai tsohon ya ajiye kofinsa, ya miƙe zaune, ya ɓalla maɓallin wuyan rigarsa na ƙarshe. Daga baya Yusuf ya gaya mini tunda uban ya zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya, abin da ake tambayarsa kawai shi ne ko riga ta bushe.

Ga abin da ya faɗa, yadda na riƙe shi. Fiye da shekara dubu da suka wuce ƙasarsu a rarrabe take, kowane yanki da mai ƙarfinsa. Kakansu na farko yana riƙe da wani gari a bakin kogi, yana da dakarunsa da rumbunansa, jiragen ruwa ba sa wucewa sai da yardarsa. Sai wani sarki ya taso yana haɗa ƙasar wuri guda, shi ne ya kafa gidan sarautar Goryo, wanda daga sunansa aka samo Koriya ɗin da muke faɗa. Sarkin ya ga ba kowa ake ci da yaƙi ba, sai ya riƙa auren ɗiyan masu ƙarfin nan, yanki bayan yanki. Kakan nasu ya ba da tasa ɗiyar, aka ba shi sarauta, aka bar masa garinsa. Ɗiyar ta haifi ɗa namiji a fada, bai yi sarki ba, amma dai jinin gidansu ya shiga gidan sarauta, kuma tun daga nan har yau duk wanda ya fito daga zuriyar, in zai faɗi sunansa sai ya haɗa da sunan garin nan na bakin kogi. Ya ce shi kansa bai san garin ba. An goyo shi aka gudo da shi kudu lokacin yaƙi, aka ja iyaka a bayansu, garin ya zauna a can arewa inda ba a zuwa.

Alhaji Mamane har da tafa hannu.

"Kai! Ashe hakimi ne ya ba sarki ɗiya. Hajiya Saude, kin ji ko? Surukan sarki muka samu."

"Alhaji, shekara dubu fa aka ce."

"Ko dubu biyu ne, Hajiya. Ni dai na samu abin faɗa a masallaci."

Ni kuwa hankalina ba a kan hakimin yake ba, yana kan yarinyar. Kun san ni da katsalandan, mahaifinku ya yi fama har ya gaji. Na ce da Yusuf ya tambayar mini, da ta haihu, an mai da ita gida wanka? Yusuf bai gane ba, sai da na yi masa bayani cewa a wurinmu haihuwar fari gaban uwa ake yin ta, mace ta koma gidansu ta yi arba'in, uwarta tana dafa mata ruwa safe da yamma, tana gasa mata jiki, tana dama mata kunu. Alhaji ya harare ni, wai ana maganar sarauta na kawo maganar jego. Mahaifin Yusuf ya dube ni, ya ce bai sani ba. Na ce to mene ne sunanta? Ya ce ba a riƙe ba, ana dai ce mata ɗiyar wane, uwargidan gari kaza. Na ce uwarta fa? Ya girgiza kai. Aka yi dariya aka wuce wurin, aka shiga maganar sadaki.

Ban ɗauka ya riƙe abin ba. Ranar ɗaurin aurenku, ana tsakiyar hayaniya, ya ratso mata ya same ni, ya ce da ɗan Turancinsa ya tambayi dattawan zuriyarsu, har waya ya buga ƙasarsu. Wasu matan sarkin an bar su a garuruwan iyayensu, amma tasu an ce fada aka kai ta. Ko ta sake ganin uwarta, ba wanda ya sani, kuma ba wanda ya taɓa tambaya. Ya faɗi haka yana ba ni haƙuri, sai ka ce shi ya kai ta.

Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne dalilin tambayar tawa. Ina da shekara ashirin da ƴan kai aka kawo ni ƙasar nan daga Maradi, kuma gidanmu sun yi alfahari da aurena ba kaɗan ba. Ƙanena Sani ya ce har a kasuwa ana nuna Baba ana cewa ga mai ɗiya a Amurka. An yi wa gidanmu rufin kwano, an ja ruwan famfo, duk da sunan auren Saude. Ke kuma na haife ki cikin tsananin sanyi, a wani ɗaki ɗaya da ke hawa na biyar. Mahaifinku ya kwaso mu daga asibiti ya ajiye, ya koma tuƙin tasi, don in bai fita ba ba mu ci ba. Ni na yi wa kaina wanka, ina dafe da bango, ke kina tsala kuka a kan gado. Wata maƙwabciyarmu ƴar Kumasi ta kawo mini miya sau biyu, Allah ya saka mata, amma ita ma aiki take zuwa. Ban san ana kewar mutum har ƙashi ya yi ciwo ba sai a kwanakin nan. Da na je gida bayan shekaru, matar Sani ta nuna mini wani lungu a bayan ɗakin Inna, ta ce nan Inna ta tara itacen wankana. Tun cikina yana wata bakwai take saye tana jibgewa, alhali ta san ba zuwa zan yi ba. Da aka ce mata na haihu, ta hana kowa taɓa itacen har sai da arba'in ta cika. Shi ya sa da tsohon nan yake ba da labarin ɗiyar hakimi, ni ban ji labarin sarauta ba. Na ji labarin wata yarinya da aka kai nesa, gida ya ɗaukaka da ita, ita kuma ta haihu a hannun baƙi.

Shekara ta zagayo kina da ciki. A shekarar ce na yi niyyar zuwa gida in daɗe, na yanki tikiti, na cika jakunkuna da man zafi da takalma masu taushi saboda ƙafar Inna. Lissafina in je in dawo kafin ki sauka. Sai abu biyu suka haɗu a mako guda. Likita ta ce jininki ya hau, ki bar aiki ki kwanta, kuma mai yiwuwa haihuwar ta zo kafin lokaci. Sani kuma ya bugo ya ce jikin Inna ya yi nauyi, ta daina fita tsakar gida, abinci sai an lallashe ta.

"Yaya, ni dai ban ce ki taho ba, ban ce kar ki taho ba," in ji shi. "Amma in da ni ne ke, da na taho."

Kin tuna abin da kika ce, Ummi? Kina kwance a kan kujera, ƙafafunki sun kumbura har ba sa shiga silifa, kika ce da Turanci in tafi, ba komai, ga Yusuf ga asibiti, a ƙasar nan kowa haka yake haihuwa. Kin faɗa har sau uku. Ki riƙe wannan da kyau: ke kin ce in tafi. Kuma na so tafiya. Allah ya sani na so. Ina sallah ina ganin fuskar Inna, ina cikin jirgin ƙasa ina jin muryarta tana kiran kaji. Jakunkunan suna bakin ƙofa a ɗaure.

Ana saura kwana kaɗan in tashi, da hantsi ina gidanki, aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga Haraboji rungume da wani dogon abu a naɗe cikin takarda, ya kusa kai tsawonsa. Busasshen ganyen teku ne, baƙi, wanda suke yi wa mai jego miya da shi. Yusuf ya ce a al'adarsu wanda aka saya don haihuwa ba a lanƙwasa shi, ba a kuma neman ragi wurin sayensa. Haka tsohon nan ya riƙo shi a tsaye tun daga Flushing, ya canja jirgi, mutane suna kallonsa, yana kare shi da jikinsa kada a karya. Ya jingina shi a bango a hankali, ya zauna yana haki. Na kawo masa ruwa. Ya dubi jakunkunan asibiti da Yusuf ya fara haɗawa, ya dube ni, ya yi magana da ɗan Turancinsa.

"Kin tafi gida, an ce. Mama ba lafiya."

"E, ba ta da lafiya."

"Ki tafi. Ni zan dafa miya. Na koya wurin matata." Sannan ya ƙara da cewa, "Ba zai yi kamar na uwa ba. Amma zan dafa."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, taimako yake nufi. Amma ina tsaye da kofin ruwa a hannu na dube ki kina barci a kan kujera, baki a buɗe kamar lokacin da kike ƙarama, sai na ga abin a fili. Za ki haihu, wani tsoho mai kirki zai kawo miki miya, miji zai koma aiki, ki shiga banɗaki ki dafa bango. An yi wa ɗiyar hakimi, an yi mini, ga shi za a yi miki, kuma wannan karon uwar tana da ikon tsayawa. Inna teku ne ya hana ta. Ni ba abin da zai hana ni sai in na sa ƙafa na tafi da kaina.

Da na koma gida na kira Sani na ce ya kai wa Inna waya. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai na toshe ɗaya kunnen.

"Saude, yaushe za ki taho?"

"Inna, takwararki ta kusa sauka. Jikin nata ba daɗi."

Sai ta tambaye ni:

"Wa za shi yi mata wanka?"

"Ba kowa, Inna. Sai ni."

"To," ta ce. "Ki gasa ta da kyau, kar ki ji tausayinta. Ki kula da bayanta." Na ji tana numfashi. "Amma ki yi sauri, Saude."

Ba ta ce in zauna ba, ba ta ce ta yafe mini zuwan ba. Na sha so in gaya muku cewa ta ce, don abin ya yi mana sauƙi duka, amma ba ta ce ba. Na ɗaga tikitin zuwa bayan arba'in, na ja jakunkunan na tura ƙarƙashin gado.

Kika haifi Idris lafiya, na kwaso ki zuwa gidana na Grand Concourse, Yusuf yana biye da mu da kaya bai san dalilin da za a ɗauke masa mata ba. Sauran kun san shi, don har yau Bashir yana ba da labarin yana dariya. Na samo busasshen ganyen dogon yaro a Harlem, na sayi tukunyar da ta cinye murhu biyu. Tururi ya riƙa tayar da ƙararrawar gobara, Jamila tana hawa kujera tana yi mata fifita da faranti. Likita ta hana kanwa, ta ce kuma ruwan kada ya cika zafi, na ce to, na rage amma ban fasa ba. Kina ihu kina cewa zan dafa ki, ina cewa ni wa ya dafa ni. Kowace safiya Haraboji yana iso da tukunyar miyarsa a naɗe cikin tawul, miya mai ƙarnin bakin tabki, ni kuma ga kununa da farfesun ƙafar sa. Ya zauna ta nan, na zauna ta can, kowa yana leƙen kwanon da kika fi taɓawa. Kika riƙa shanye duka biyun don a zauna lafiya, har kika yi kumatu. Ban taɓa taɓa jikinki haka ba tun kina jaririya, kunya ba ta bari ba. A kwanakin nan na san bayanki, na san inda yake miki ciwo kafin ki faɗa. Ban yi farin ciki irin na lokacin ba tun zuwana ƙasar nan, kuma kowace safiya da fargaba nake duba waya.

An wuce rabin arba'in kaɗan, ran wata Talata da safe, ruwa yana tafasa, Sani ya kira. Da na ji ya fara da salati na san sauran. Na ce Allah ya jiƙanta, na ajiye wayar a kan firji. Na tsaya ina kallon tukunyar. Kina banɗaki kina jira, kin riga kin tuɓe, kina kirana wai ruwan zai huce. Na juye shi a bokiti na kai, na yi miki wankan nan tsaf, na gasa bayanki yadda aka ce in yi. Kin ce yau hannuna ya yi nauyi. Sai da kika shirya kika sha kunu kika ba Idris nono, sannan na faɗa miki. Ina jin a nan ne kika ɗauki kayan nan kika aza wa kanki, da kika gane da wane hali na yi miki wankan. Da yamma Haraboji ya dawo cikin baƙar kwat, ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma tare da su Alhaji Mamane har aka watse. Bai iya addu'armu ba, amma duk sanda aka shafa shi ma sai ya shafa.

Na ƙarasa miki arba'in ɗinki cif, sannan na tafi. Na raba man zafin da takalman ga tsofaffin unguwa. Na kwana a ɗakin Inna, kan gadonta, ƙamshin turarenta bai gama fita daga katifar ba. Dangi wasu sun yi mini magana a fuska, wasu a bayan ido, wai Amurka ta cinye mini zuciya. Na bar su da maganarsu. Na dai sa matar Sani a gaba na ce ta faɗa mini gaskiya, kada ta rage komai, Inna ta yi fushi da ni? Ta ce ba ta yi ba, kullum sai ta tambaya ko takwararta tana cin abinci. Na ce sai me? Ta yi ta kauce-kauce, na matsa. Ta ce tun ranar da muka yi waya har ranar da ta cika, duk sanda aka yi sallama a zaure, ko mai tallan nono ce, sai Inna ta ɗaga kai ta ce a duba ko Saude ce.

Wannan maganar da ita nake kwana, da ita nake tashi. Har yau in na ji sallama a bakin ƙofa sai gabana ya faɗi, in tuna akwai wadda ta jira tawa ba ta ji ba. Ina kewar uwata, Ummi, kewar da tsufa bai rage ba, ƙara ta ma yake yi. Amma da za a mai da ni wannan shekarar, a ajiye mini jakunkunan nan a bakin ƙofa, ke kuma kina kwance da kumburarrun ƙafafu, zan sake tura su ƙarƙashin gado, in sake yin kukan da na yi. Ba ki roƙe ni ba, ba ki riƙe ni ba, cewa ma kika yi in tafi. Ni na duba na zaɓa, da hankalina, na kuma san abin da zai iya biyo baya. Saboda haka ki sauke. Wannan kayan nawa ne, ki bar mini abina.